Tambayoyinku: Zuwa ƙasar waje ƙera injin iska a ƙauye, a tafi ko a zauna?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan kusan duk saƙonnin da suka shigo magana ɗaya suke, tun da wani bidiyo ya fara yawo a WhatsApp, wasu matasa Turawa da mutanen ƙauye suna jan igiya suna tayar da wata doguwar fanka a kan tudu, magariba na yi ƙwan fitila ya kama yara na ta tsalle. Na tsamo huɗu a ciki. Masu tambayar inbata mai kuka da daddare ku yi haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Injiniya, ya aiki ya iyali. Ƙaninka ne daga Ɗorayi, na karanta lantarki na gama bautar ƙasa bara, yanzu dai zaman jira ake ina ɗan bin wani ogana haɗa sola. Na ga wata ƙungiya a Peru suna ɗaukar 'yan sa-kai a koya musu ƙera injin iska sannan a kai ƙauye a kafa, wallahi abin ya shiga raina sosai amma sai na ga wai kai ne ma za ka biya su, toh wane irin aiki ne mutum zai yi kuma ya biya? Ba 419 ba ne kuwa? In kuma gaskiya ne kana ganin in lallaɓa Baba a sayar da filinmu na Janguza in tafi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da filin tunda shi ya fi tsaya min a rai, kar ka taɓa shi, kar ma ka kai wa Baba maganar. Yanzu sai mu yi sauran bayani a nutse.

Abin da ka gani ba damfara ba ne a asalinsa. Akwai WindAid Institute a birnin Trujillo da ke gaɓar teku a arewacin Peru, aikinsu kenan, mutum ya zo ya yi makonni a shagonsu a ƙera injin tare da shi sannan a ɗauka a kai ƙauyen da babu wuta a kafa. Akwai blueEnergy da suka fara irin wannan a Bluefields ta ƙasar Nikaragua, akwai kuma Wind Empowerment wadda ita inuwa ce da ta tattara masu ƙera ƙananan injinan iska na ƙasashe daban daban. Kuɗin da ake karɓa shi ne na masauki da abinci da mota zuwa ƙauye da kuma kayan injin ɗin kansa, wato a taƙaice kai ne ɗalibin kuma kai ne mai ɗaukar nauyin aikin. An tsara abin ne da ɗan jami'ar Turai ko Amurka a rai, wanda zai yi aikin hutu na 'yan watanni ya tara kuɗin, ya je ya ga duniya ya dawo ya rubuta a takardar neman aiki. Kai kuma naira za ka ɗauka ka je Wapa ka canza. Ka karɓi farashin a rubuce daga wurinsu, ka ɗora kuɗin jirgi zuwa da dawowa, biza, inshorar lafiya, kuɗin aljihu, ka ninka da canjin ranar, sai ka zauna ka kalli lambar. Ka tambayi kanka kayan aiki nawa wannan kuɗin zai saya maka a Sabon Gari in shagon sola za ka buɗe.

Ban ce babu abin koyo ba fa, akwai sosai. Yawancin waɗannan ƙananan injinan daga tsarin wani mutum suka samo asali, Hugh Piggott, wanda ke zaune a Scoraig, wani lungu a arewacin Sikotlan da wayar lantarkin gwamnati ba ta kai ba, shi da maƙwabtansa da iska suke samun wuta shekaru da dama. Abin da ya sa tsarinsa ya bazu duniya shi ne kusan komai da hannu ake yi. Fukafukai uku ana sassaƙa su daga katako, wasu kuma su zuba su da faiba, kuma sassaƙar ba ta wasa ba ce don dole fiffiken ya murɗe daga gindi zuwa tsini kamar na jirgin sama, in ɗaya ya fi 'yan'uwansa nauyi injin zai yi ta jijjiga har ya kwance kansa. Sai faifan ƙarfe biyu da ake jera musu maganaɗisu mai ƙarfin tsiya, irin wanda in ka yi sakaci biyu suka haɗe da yatsanka a tsakani sai ka kira sunan kakarka. Sai koyil da ake naɗawa da wayar kofa ana ƙirga zagaye ɗaya bayan ɗaya, a jera su a zuba musu ruwan gam mai daskarewa su zama faifai guda, shi yana tsaye a tsakiya faifan maganaɗisun suna juyawa gaba da bayansa, wutar kenan. Abin da suke juyawa a kai kuwa kan ƙafar mota ne mai boris, irin wanda ke zube a Ƙofar Ruwa. Wutar da ke fitowa ta bi ta wata 'yar na'ura da ake kira dayod a miƙar da ita ta shiga batir. Sai walda, sai wutsiya, sai ranar tayar da turke wadda ita ce kuke gani a bidiyo. Mako huɗu kana wannan da hannunka ya fi zangon karatu guda kana kallon allo, wannan ba musu.

Sai maganar hanya. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga filin Malam Aminu Kano ya sauke ka a Lima. Ko dai ka bi ta Adis Ababa zuwa Sao Paulo ta Brazil sannan Lima, ko ka bi ta Turai, kuma mai fasfon Najeriya ko canjin jirgi kawai zai yi a ƙasashen Shengen sai ya nemi bizar wucewa, mutane da yawa sun sayi tikiti mai arha an mayar da su daga kantar filin jirgi saboda wannan. Daga Lima zuwa Trujillo kuma tafiya ce ta kwana a bas. Ita Peru kanta sai da biza. Kuma yarensu Sifaniyanci ne, a shagon ƙungiyar za ka samu masu Turanci amma a ƙauye sai dai nuni da hannu in ba ka koyi ko gaisuwa da ƙirge ba. In kuma a can ƙasan ranka cirani ne kake nufi, ka je ka maƙale, toh gara ka faɗa wa kanka gaskiya tun yanzu, wannan hanyar ba ta kaiwa can, kuma kai ne za ka ɓata wa na bayanka.

Inda 419 ɗin yake shi ne wajen 'yan tsakiya. Duk wanda ya ce maka shi ejan ne na ƙungiyar a Kano, tura kuɗin fom a akawun ɗinsa, rabu da shi. Ka rubuta musu kai tsaye, ka nemi su haɗa ka da wanda ya taɓa zuwa ka yi magana da shi baki da baki. Wanda ya ce zai riƙe maka fasfo har ku sauka kuwa wannan ba maganata ba ce kuma, ta NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Ga tambaya ɗaya da nake so ka yi musu, da ita za ka gane masu yi don Allah da masu yi don hoto: injinan da kuka kafa shekara biyar da suka wuce, nawa ne har yau suke juyawa, kuma wa ke gyara su? In sun ba ka lamba suka ce ga mutumin ƙauyen da muka koya wa, ga asusun da ake tarawa na batir, muna komawa duk bayan kaza, toh ka samu mutanen kirki. In suka fara kame kame suna turo maka hotunan yara na murmushi, ka san inda ka dosa. Don shi injin iska ba kamar sola ba ne da za ka ɗora a kwano ka dinga goge ƙura kawai, abu ne mai motsi dare da rana, boris na buƙatar giris, notuna na kwancewa, katako na shan rana da ruwa, aƙalla sau ɗaya a shekara sai an kwantar da turken an duba. Ɗan sa-kai ya yi wata ɗaya ya hau jirgi, injin kuma shekaru ake so ya yi.

Shawarata, ka nemi su rage maka ko su ɗauke maka kuɗin a matsayin wanda ya fito daga ƙasar da ita ma ke fama da rashin wuta, tambaya ba ta zama laifi, ka nuna musu hotunan aikin solar da ka yi. Ka kuma duba tsarin da su ne ke biyanka alawus, kamar shirin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙungiyar 'yan sa-kai ta Birtaniya VSO, da namu na gida TAC wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1987 tana tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Sai dai waɗannan ba kai ke zaɓar injin iska ba, inda ake buƙata ake tura ka, kuma sun fi son wanda ya ɗan goge a aiki. Ka riƙe ogan nan naka da kyau.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni uwa ce daga Fagge. Yarinyata tana karatun injiniya a Wudil, ta zo min da maganar wai ita da ƙawayenta suna so su je sa-kai ƙasar waje, ni da na ji sa-kai gabana sai da ya faɗi na zaci irin na masu bindiga a daji ne, sai da ta yi min bayani. Toh ni damuwata sallarta da abincinta da kuma wa za ta zauna da su. Babanta ya ce in tambaya tukuna.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya raya mana su. Kin ba ni dariya amma ba laifinki ba ne, kalmar ce ta canza mana ma'ana a shekarun nan. Maganar halaccin tafiyar mace da wanda zai raka ta wannan na babanta ne da malamanku, ni ba zan sa baki ba, abin da zan iya shi ne in gaya miki yadda wurin yake don ku yanke shawara da ido buɗe.

In Peru ce, Musulmi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar. Akwai masallaci a Lima akwai kuma a Tacna can kudu kusa da iyakar Chile, amma a ƙauyen da za a kai su ba za ta ji kiran salla ba, waya ce za ta nuna mata alƙibla da lokaci, ita ma sai an samu caji. Abinci kuwa da sauƙi da wuya. Shinkafa da dankalin Turawa da masara da ƙwai da kifi suna nan ko'ina, dankalin ma asalinsa daga tsaunukan can ne. Amma suna cin alade sosai, kuma a ƙauyukan tsauni babban abin da ake karrama baƙo da shi wata 'yar dabba ce mai kama da gafiya da suke kiwo a gida suna kira kuyi, in an gasa an ajiye miki a gaba kin ƙi ci sai mai gida ya ji ba daɗi, don haka tun kafin a tafi ta sanar da ƙungiyar abin da take ci da wanda ba ta ci su gaya wa masu masauki. Akwai wani abin sha na masara iri biyu, mai ruwan shuɗi-ja mai zaƙi wanda kamar zoɓonmu yake, da kuma wanda aka tsima shi yana bugarwa, sunansu kusan ɗaya, ta tambaya kafin ta kai baki. Masaukin 'yan sa-kai galibi gida ɗaya ne maza da mata, a tambaya a rubuce ko akwai ɗakin mata daban da banɗakinsu.

Sanyi ma abin dubawa ne, ƙauyukan tsaunin Andis wasu sun haura mita 3000 sama da teku, mutumin Kano da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zai iya yin kwanaki yana ciwon kai da haki, in tana da sikila ko asma sai likita ya yarda tukuna. Ta tafi da katin rigakafin shawara. Sannan abu ɗaya da nake gaya wa duk ɗalibata mace, a shagon da ake amfani da injin huda da na gurza ƙarfe ba a barin hijabi ko mayafi yana lilo, ta samu ƙarami ta cusa shi cikin rigar aiki, injin ba ya tambaya kafin ya ja.

In ni ne Hajiya, zan ce ta fara dubawa kusa. Senegal ƙasar Musulmi ce, da fasfon ECOWAS ba a buƙatar biza, gaɓar tekunsu akwai iska ta gaske, a Taiba Ndiaye suna da tashar iska mai megawat 158. Kenya ma akwai iska, ko da yake ba ta cikin ECOWAS, tashar tafkin Turkana injina 365 ne megawat 310, ita ce babba a Afirka lokacin da aka buɗe ta a 2019. Ta sa malamanta su taimaka mata ta rubuta wa masu ƙananan injina a waɗannan ƙasashen ko za su karɓi ɗaliba ta makonni, ta hanyar makaranta ya fi kwanciyar hankali fiye da ƙawaye su shirya kansu.

TAMBAYA: Oga ni mai naɗin koyil ne a Sabon Gari shekara 18 ina rewayin na fanka da famfo da janareto. Yaro na ya nuna min bidiyon na ce wannan ai ba sai an je ko'ina ba. In na samu altaneta ta mota na sa mata fukafukai na ɗora a saman bene na a Kurna zan huta da kuɗin fetur?

AMSA: Maigida, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa, rabi kuma zai cinye maka kuɗi. Gaskiyar ita ce ba sai an je ko'ina ba, duk sana'ar da injin nan ke buƙata muna da ita a garin nan, kai ga naɗi, ga masu walda a kowane layi, ga kafintoci da katako a Na'ibawa, ga ƙafar mota a Ƙofar Ruwa, maganaɗisun ne kawai sai an yi oda. Yaron nan na Malawi, William Kamkwamba, yana ɗan shekara 14 aka kore shi daga makaranta saboda kuɗin makaranta lokacin yunwar da aka yi a ƙasarsu, ya ga hoton injin a wani littafi a ɗakin karatun ƙauye, ya haɗa nasa da gangar jikin keke da fankar tarakta da bututun roba da dainamon keke a ƙauyensu Wimbe, ya kunna fitila a gidansu. Bai hau jirgi ba sai bayan da injin ya juya, a 2007 aka gayyace shi Arusha ta Tanzaniya ya yi bayani.

Amma altaneta ta mota ka bar ta a mota. An yi ta ne ta juya sau dubu da wani abu a minti kafin ta fara caji, kuma sai ta ci wuta daga batir kafin ta ba da wuta, shi kuwa injin iska 'yan ɗaruruwa yake juyawa. Na san haka ne don na yi, shekarun baya ni da wasu yarana muka ɓata wata biyu a kan wannan, muka sa bel da fuli don a ƙara gudu, bel ɗin ya cinye ɗan ƙarfin da iskar ta kawo, abin yana juyawa unguwa na kallo mita kuwa ko motsi. Da muka koma tsarin maganaɗisu ya fara caji, sai muka yi ganganci a wutsiya. Ita wutsiyar ba ado ba ce, ana rataya ta ne a karkace yadda in iska ta yi yawa za ta naɗe ta kawar da fuskar injin gefe. Mu muka yi mata walda ƙam. Hadarin farko na watan Mayu, irin mai zuwa da jar ƙura daga gabas, ya cire fiffike ɗaya ya jefa shi gidan maƙwabci, Allah ya tsare kan akurkin kaji ya faɗa, na biya kaji uku da haƙuri mai yawa.

Wani abin kuma da mai sola ba ya tunawa, faifan sola in batir ya cika sai kwantirola ta yanke shi shi kenan, amma injin iska in ka yanke masa lodi sai ya zama kamar mota a gangara ba birki. Dole a samu inda za a zubar da rarar wutar, galibi hita, don haka kwantirolarsa daban ce.

Babbar matsalar dai ita ce iskar kanta. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya daidai da gudunta, in gudu ya ninka biyu ƙarfi sau 8 yake ninkawa. Ɗauki injin da faɗin da'irar fukafukansa mita 2.4 ne, in iska na gudun mita 4 a daƙiƙa abin da za ka samu a hannu bai fi wat 50 ba, in ta kai mita 8 sai ka ga wajen wat 400, in ta sauka ƙasa da mita 3 kuwa ko caji ba zai fara ba. Kuma babu injin da ke kwashe duk ƙarfin iskar, wani Bajamushe Albert Betz ya lissafa tuntuni cewa iyakar abin da za a iya ɗiba kashi 59 ne cikin 100, na hannu irin namu in ya samu 30 ya yi ƙoƙari. Yanzu yi lissafin da kanka, wat 50 sau awa 24 ya ba ka wat-awa 1200, kusan abin da faifan sola ɗaya mai wat 300 zai ba ka a rana ɗaya ta Kano ba tare da turke ko giris ko kajin maƙwabci ba. Gaskiya ne iska ba ta tsayawa a gudu ɗaya kuma lokutan da ta taso suna ɗaga lissafin, amma a Kurna, tsakanin benaye da tankunan ruwa da bishiyoyin darbejiya, iskar da ke isowa saman benenka a karye take tana juyi, ita ce mai gajiyar da injin ba ta ba shi komai. Ƙa'idar masu aikin ita ce injin ya ɗara duk abin da ke kewaye da shi da kamar mita 10, kuma ba a kafa shi a jikin gini, jijjigar za ta tsaga maka bango ta hana iyali barci.

Ba mu kaɗai ba ne, a gaɓar Nikaragua ma da aka fara da injinan iska, tsawa da gishirin teku da rashin isasshiyar iska da kuma faɗuwar farashin sola sun sa aka koma ga sola. Inda injin iska ke da rana a wajenmu shi ne buɗaɗɗen fili a bayan gari, ya zama abokin sola, ya yi aiki da daddare da kuma lokacin hunturu da hazo ke rufe rana iska kuma na kaɗawa. Kafin ka sayi ko ƙusa, ka sa yaronka ya buɗe maka Global Wind Atlas a waya, kyauta ne, Bankin Duniya ne da wata jami'ar fasaha ta Denmak suka yi shi, ka duba wurin da kake nufi. In kuma don sha'awa da koyo ne za ka yi, bismillah, yi ƙarami ka kai gona, ni ma zan zo kallo.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan kasuwa ne a Kwari amma asalina wani ƙauye ne a yankin Kunci, ba mu taɓa ganin wutar nefa ba. Ya za a yi mu sa irin waɗannan Turawan su zo mana?

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara buɗi. Zuwansu da wuya a yanzu, ƙasashensu suna gargaɗinsu kan tafiya yankunanmu kuma inshora ba ta ɗaukarsu. Ka tuna aikin tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10 da injina 37, a Disamba 2012 aka sace wani injiniya Bafaranshe da ke aikin a garin Rimi sai bayan kusan wata 11 ya kuɓuta, wannan labarin har yau yana cikin kunnuwansu.

Amma me Baturen zai kawo muku wanda babu a Kano? Kuɗi ne da tsari, kuɗin kuwa ku 'yan Kwari kun fi ɗalibin da ya tara na hutu. Ku fara da abin da kuke so wutar ta yi, cajin waya ne da fitilar masallaci da firjin allurar rigakafi a asibitin sha-ka-tafi, ko famfon ruwa ne, don kowanne da girman kayansa. Ku zaɓi matasa biyu masu zama a garin, ba waɗanda za su taho birni da rani ba, ku biya a koya musu. Ku buɗe asusu tun ranar farko, duk mai cajin waya ya ajiye wani abu, don batir zai mutu ko ba jima ko ba daɗe kuma ranar ba za ku so a fara bin gida gida da ƙoƙo ba. A san wa ke riƙe da makullin ɗakin batir a gaban mai gari, in ba haka ba wata uku za ka tarar an ja waya zuwa shagon wani ana kallon ƙwallo. Ku kuma kai takarda hukumar samar da lantarki a karkara, REA, don suna da shirin ƙananan tashoshin sola na ƙauyuka.

Iskar kuma a auna ta tukuna. Ina da ɗan ma'aunin iska a ofis yana shan ƙura, in ka samo bututun ƙarfe mai tsawon mita 12 da yaron da zai dinga rubuta lamba safe da yamma a littafi, ka biyo ta ofishin mujalla ranar Asabar bayan la'asar ka karɓa, sai ka dawo min da shi bayan damina.